Ranar da Kaka ta Wanke Salansar Yaya

Ko zan manta komai na shekarun makarantata, ba zan manta da wata Asabar da na dawo hutu gidanmu a Kiru ba. Abin da ya fara ɗaukar idona ranar kuwa wani haske ne a jikin bangon madafa. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga Kwanar Dangora ya sauke ni da hantsi, na jawo akwatina na yi sallama. Ban ma kai ga gaishe da kowa ba sai na hango wani dogon bututu a jingine kusa da murhu, fari tas, yana ɗaukar ido kamar sabuwar tukunya. Na tsaya ina kallonsa. Siffar na san ta, amma launin ban san shi ba. Sai da na ga lanƙwasar da ke wuyansa sannan na gane. Salansar motar Yayana ce.

Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ni yarinya ce mai shiru ƙwarai. Idan baƙo ya shigo gidanmu, bayan ƙofa nake laɓewa. A aji ma ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Abin da na iya shi ne kallo. Ina iya gaya maka wace kaza ce ta fara ɗingishi, ko wane kwano ne aka sauya wa murfi, amma sai an tambaye ni, kuma ba a cika tambayata ba.

Yayana bakanike ne a Kano. Yana da wata ƙaramar mota ja mai ƙofa biyu, wadda ya shafe shekaru yana sauya wa kaya ɗaya bayan ɗaya don wasan mota da suke yi da abokansa. Ya saka mata tobo, wani abu mai kama da ƙaton dodon koɗi da ke ƙara wa inji ƙarfi. Ya saka mata gajerun shakazoba har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, da faffaɗan wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, da wata kujera mai rungume mutum. Amma abin da ya fi ji da shi ita ce salansa. Daga waje aka kawo ta, ta hannu ce, an ƙera ta da wani ƙarfe mara nauyi da ake kira taitaniyam. Bakinta yana da launi mai ban sha'awa: ya fara da ruwan zuma, ya shiga ruwan goro, ya koma shunayya, sannan ya ƙare da shuɗi irin na wuyan tantabara. Duk lokacin da ya zo gida, yara suna rububin taɓa sitiyari, ni kuwa sai in zagaya baya in tsuguna ina kallon bakin salansar nan har ya tashi tafiya. Kakarmu, mahaifiyar Baba, ta kasa faɗin sunan ƙarfen. Da ta ji ya ce taitaniyam, sai ta ce, "Ƙarfen tatsuniya?" Shi ke nan sunan ya zauna a gidanmu.

A shekarar ne injin ban-ruwan Baba ya mutu murus, ga irin tumatir ya isa dashe a fadama. Idan aka wuce mako biyu ba ruwa, noman rani na shekarar ya tafi. Ba wanda ya roƙi Yaya. Shi da kansa ya kwance kayan tseren daga motar, ya mayar mata da nata na asali, ya kawo su gida ya ajiye, ya ɗauki hotunansu ya sa a waya yana cigiyar mai saye. Wani mutum daga Kaduna ya ce zai kwashe duka a haɗe, da sharaɗin cewa salansar ita ce ta cikin hoton, domin saboda ita zai yi tafiyar. Ranar Asabar ɗin nan aka tsayar, Yaya zai tare shi a hanya su iso tare.

Kaka tana zaune a kan kujerarta tana murza ƙuli-ƙuli, mai yana ɗiga daga hannunta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, sannan ta nuna bututun da haɓa.

"'Yar shiru, kin ga aikina? Maigidana ya bugo waya jiya, ya ce a goge kayan kafin baƙi su zo." Haka take kiran Yaya saboda wasan jika da kaka. "Sauran suna cikin kwali a ɗaure, wannan ce kaɗai a waje. Na duba bakinta, duk ya ƙone, ya yi shuɗi kamar gindin tukunyar da ba ta da uwar gida. Wa zai sayi abu haka? Tun asuba nake kanta, toka da yashi da soso. Sai da na ji kafaɗata za ta cire."

A unguwarmu kowa ya san tukwanen Kaka. Mata har aron su suke yi ranar biki don kawai a gani. A wurinta, duk abin da wuta ta taɓa ya canja launi, datti ne, kuma fitar da shi gaban baƙo abin kunya ne. Umma da za ta iya hana ta, ta tafi suna Dangora tun jiya. Na buɗe baki zan yi magana, na ga yadda fuskarta take cike da jin daɗi, sai na rufe.

Ina cikin taya ta kwashe ƙuli-ƙuli sai salansar ta zame daga jikin bango, bakinta ya faɗa gefen murhu, daidai kan garwashi. Hankalinmu yana kan kasko, ba mu lura da wuri ba. Da na gani, na sa tsumma na janye ta. Ina ɗagawa na ga wani ɗan wuri a ƙasan bakin, bai fi faɗin farce ba, ya yi ruwan zuma, gefensa da wani siririn zare na shunayya. Na ƙura masa ido. Launin nan na san shi. Amma na ji tsoron idan Kaka ta gani za ta sake ɗauko toka, sai na juya wurin ya kalli bango.

Bayan azahar muka ji tsayuwar motoci biyu. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, Baba ya fito ya zauna, maƙwabta biyu-uku suka matso. Yaya ya shigo da sauri yana fara'a, ya shafa kaina, ya fara fitar da kwalaye. Ya dawo ɗaukar salansa, ya duba inda ya rataye ta a rumfa bai gan ta ba, ya waiwaya, sai ya ƙame.

"Kaka," ya ce, muryarsa can ƙasa, "wa ya taɓa wannan?"

"Wa kake da shi ban da ni? Ka gode mini mana, ka tsaya kana zare ido."

Ya dafe kai da hannu biyu. Na ga leɓensa yana motsi, salati yake yi. Bai ɗaga mata murya ba, har yau ina ganin girmansa saboda wannan. Ya ce kawai, "Kaka, launin nan shi ake saye." Ya saɓa ta a kafaɗa ya fita kamar wanda zai kai gawa.

Aka ce in kai wa baƙi ruwa. Na ajiye a bakin zaure, na koma bayan ƙofa inda akwai wata tsaga da nake leƙe. Baƙon dogo ne, da baƙin tabarau da hula a karkace. Ya duba tobo, ya juya 'yar farfelar cikinsa da yatsa, ya gyaɗa kai. Ya danna shakazoba, ya ƙwanƙwasa wili, ya zauna a kujerar har yana dariya. Da aka miƙa masa salansa sai dariyar ta ɗauke. Ya ciro waya, ya kalli hoto, ya kalli abin da ke hannunsa, ya sake kallon hoto.

"Malam, ba ita ba ce."

"Wallahi ita ce, Alhaji. Kakata ce ta wanke ta da toka."

Baƙon ya cire tabarau. "Kakarka? Da toka?" Ya yi wata gajeriyar dariya. "Na sha jin labari a harkar nan, amma wannan tatsuniya ce sabuwa. Ka sayar da ta asalin, ka samo ta gwangwani ka goge, ka taso ni tun daga Kaduna. Da ka gaya mini gaskiya a waya ai da ban ƙona mai ba."

Na kalli Baba, na ga ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. A ƙofar gidansa, gaban maƙwabtansa, aka kira ɗansa maƙaryaci. A lokacin na gane cewa maganar ta wuce injin ban-ruwa. Idan mutumin nan ya tafi a haka, kafin la'asar duk garin ya ji, kafin dare kuma duk masu harkar mota a Kano sun gani a waya. Yaya yana ta rantsuwa, baƙon yana ta kakkaɓe rigarsa, ya ciro makullin mota.

Ina ta ce wa kaina wani zai lura da ɗan wurin nan, wani zai juya bakin ya gani. Ba wanda ya juya. Baƙon ya buɗe ƙofar motarsa. Ban san lokacin da ƙafata ta fitar da ni ba, sai dai na gan ni a tsaye gefen tabarma, na cusa bakin hijabi a baki, idanu duk sun dawo kaina.

"Ke kuma lafiya?" in ji Baba.

Maganar ta fito kamar ta sauro. "Yaya, juya ta."

"Me?"

"Ka juya ƙasan bakin. Ɗazu ta faɗa a garwashi. Launin yana dawowa."

Yaya ya juya. Ya kai fuskarsa kusa har hancinsa ya kusa taɓawa. Sai ya miƙe zumbur ya bi baƙon da gudu, "Alhaji, don girman Allah duba nan!" Baƙon ya duba a yatsine, sannan ya sa farce ya kankara. Launin bai fita ba. Ya ce a hankali, "Na taɓa gani a waya ana kawo launin nan da wutar walda." Yanzu na san masu harkar da yawa sun san da haka. Amma Yaya da launinta ya saye ta, ya ɗauka wani shafe ne daga kamfani, kuma tashin hankali ya hana kowa tunani.

Ana cikin haka sai ga Kaka ta fito da mayafi a kafaɗa, hannunta sharkaf da man ƙuli. Ashe duk tana ji. Ta cafke bakin salansar, ta girgiza ta a gaban baƙon.

"Kai yaro, ni na wanke. Ga tokar can ba a kwashe ba, in kana so a ɗebo maka. Jikana yana da rawar kai, yana da son gudu, amma ba ya ƙarya. Ka ce tatsuniya ce? To ai sunan ƙarfen ke nan!"

Maƙwabta suka fashe da dariya, har baƙon sai da ya murmusa ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya." Baba ya miƙe ya ce, "Magana ta ƙare. Mu je maƙera."

Maƙerar gida uku ce daga namu. Muka ɗunguma, Yaya a gaba da salansa a kafaɗa, ni a can baya ina bin bango. Kafin mu isa jama'a sun ninka. Maƙerin dattijo ne, yana cikin gyaran lauje. Ya karɓi salansar da hannu biyu don ya zaci nauyi, sai hannunsa ya yi sama. Ya ce, "A'a!" Ya ƙwanƙwasa ta da ɗan ƙarfe ya kara kunne. Ya ciro maganaɗisun da ya cire daga tsohuwar rediyo ya manna, ya faɗo ƙasa. Ya kalli baƙon ya ce, "Alhaji, ban san sunan wannan ba, amma tun ina yaro nake dukan ƙarfe, kuma wannan ba ƙarfenmu ba ne. Ba gwangwani ba ne kuma."

Da aka yi masa bayanin launi, ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Mu ma da launi muke gane wuƙa ta sha wuta daidai. Amma launi tafiya yake yi. In ya zo inda ake so ba a janye ba, sai ya wuce ya koma toka-toka. Wa ya san inda nata yake tsayawa?" Baƙon ya miƙa waya, amma hasken rana ya hana a ga hoton sosai, ga fuskar wayar a tsage. Yaya ya waiwaya yana nemana cikin mutane. "Ƙanwata ta sani. Ta fi ni sanin bakin salansar nan. Ku ba ta hanya."

Aka dare mini. Na tsuguna gefen wuta. Yaya da kansa ya zauna ya kama zuga-zugi. Gawayi ya yi ja, maƙerin ya riƙe bututun da tsumma, ya ɗora bakin a saman wutar ba tare da ya taɓa gawayi ba, yana juya shi a hankali kamar mai gasa masara. Da farko babu komai. Wani a baya ya ce, "An dai ɓata wa mutane lokaci." Sai kawai gefen bakin ya fara yin ruwan zuma, kamar an ɗiga shayi a farin ƙyalle. Launin ya rarrafa sama, na bayansa ya yi ruwan goro. Mutane suka fara, "Kai! Kai! Ga shi nan!" Shunayya ta ɓullo, ta bi sahu. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah, marina a cikin wuta!" Yaya yana zuga yana dariya, gumi yana zuba a idonsa. Baƙon ya manta da farar shaddarsa, ya durƙusa a cikin toka yana ɗaukar hoto.

Ni ban ji hayaniyar sosai ba. Idona yana kan wuri ɗaya. Na san shuɗin yana farawa daga baki ya tsaya daidai faɗin yatsu uku, inda wani siririn layin walda ya zagaye bututun. Shuɗi ya fito, mai zurfi, irin na wuyan tantabara sak. Ya hau yatsa ɗaya. Ya hau biyu. Maƙerin yana tambaya, "Ya isa? Ya isa?" ina girgiza kai. Da ya taɓa layin, sai na ji wata murya ta tsaga maƙerar: "Ya isa! Janye! Janye!"

Tawa ce. Ni da ba a taɓa jin muryata daga tsakar gida zuwa zaure ba. Maƙerin ya fizge salansar, ya ɗaga sama, rana ta doke ta, launuka huɗun nan suka haska a jere kamar ba a taɓa wanke su ba. Wuri ya kaure da kabbara da tafi. Kaka ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ashe 'yar shiru da maƙogwaro!" Na rufe fuskata da hijabi ina dariya ina hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Baƙon ya je gaban Baba ya rusuna, ya cire hula, ya ce, "Baba, na yi kuskure a ƙofar gidanka. Ka yafe mini." Baba ya ce ba komai. Baƙon ya juya wurin Yaya ya ba shi hannu, ya ce duka kayan ya saya, kuma zai faɗa wa abokansa abin da ya gani da idonsa. Ba a yi kwana uku ba sabon injin ban-ruwa ya fara ruri a fadamarmu, tumatir ɗin shekarar kuwa har Kaka sai da ta gaji da yanka shi tana shanyawa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, gani kaɗai ba ya amfanar kowa. Tun hantsi nake riƙe da amsar a cikina, kunya ta sa na juya ta ga bango, har saura ƙiris mutuncin Yayana ya tafi da ita. Idan Allah ya ba ka ido mai lura, to akwai ranar da dole bakinka ya taya shi aiki, ko da murya tana rawa. Ban daina kunya ba har yau, amma tun daga ranar, idan na ga abin da ya kamata a sani, ina faɗa.

Kuma ranar ma sau uku na yi magana. Da salansar ta huce, ana shirin naɗe ta a bargo, baƙon ya tsaya yana duba wani abu. A tsakiyar shuɗin akwai wani ɗan tabo mai duhu, zagayayye, da ƙananan layuka a cikinsa. Shatin babban yatsa ne. Wurin da Kaka ta cafke da hannun man ƙuli, wuta ta gasa shi ya zauna daram. Yaya ya ce, "Subhanallahi. Alhaji, bari a goge a sake sa wuta." Kaka ta ce, "Ku kawo, tokata tana nan." Mutane suka yi ca, "A'a Hajiya, a'a!"

Baƙon yana dariya, yana juya salansar a hannunsa, bai yanke shawara ba. Kaka ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, kuma ba mu da hotonta ko ɗaya mai kyau, don ba ta yarda a ɗauke ta. Ranar ban san haka za ta faru ba. Na dai ji ba na son a taɓa wurin. Na matsa kusa da shi, mutumin da ɗazu ko fuskarsa ba na iya kallo, na ɗaga kai na ce:

"Alhaji, don Allah in ka saka ta a motarka, kada ka goge yatsan Kakata."